Gasar Manyan Ƙasashe da Makomar Ayyukan Raya Ƙasa: Sharhi a kan Masana'antar Ƙarfe ta Ajaokuta



Maƙasudin wannan takarda shi ne mu sake duban wani bayani da ya zama ruwan dare a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, har ma da waɗansu daga cikinmu malamai, duk lokacin da aka ambaci masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Bayanin kuwa shi ne, wai ƙasashen Yamma ne suka kashe aikin, don kawai Tarayyar Sobiyat ce ta gina shi, kuma ba su son baƙar fata ya mallaki ƙarfensa. Akwai kuma wani bayanin da ke kishiyantar wannan, mai cewa babu ruwan kowa a ciki, cin hanci da sakacin shugabanninmu ne kurum. Mu a ganinmu, kowane ɗaya daga cikin bayanan nan biyu ya riƙo wani yanki na gaskiya, amma dukansu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, watau ta wace ƙofa ce gasar manyan ƙasashe take shiga cikin aikin wata ƙasa har ta gurgunta shi. Wannan ƙofar ce za mu yi ƙoƙarin nunawa.

Mafarin al'amarin

Tun daga wajen shekarar 1958 ake maganar kafa masana'antar ƙarfe a Nijeriya, an kuma sa ta cikin shirin raya ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968. Kamfanonin Yamma sun zo sun yi bincike, sun rubuta rahotanni, amma ba a aza ko tubali ɗaya ba. Wani ɓangare na laifin namu ne, domin jihohin wancan zamani sun yi ta jayayya a kan inda za a kafa ta, ko Idah ko Anaca. Wani ɓangaren kuma na masu ba da rance ne, waɗanda ra'ayinsu a lokacin shi ne ƙasa irin tamu ta tsaya ga noma da ƙananan masana'antu, ta sayi ƙarfe daga waje.

Yaƙin basasa ne ya sake lissafin. A 1967 Amurka ta ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya makamai, Ingila kuma ta yi ta jan ƙafa game da jiragen yaƙi, sai Mosko ta ba da jiragen MiG. Ta wannan hanya Sobiyat ta sami wurin zama a ƙasar da a da ba a ko son ganin littattafanta. A 1971 aka kafa hukumar raya ƙarfe ta ƙasa, masanan Sobiyat suka shiga binciken ma'adinai, aka tabbatar da tama mai yawa a Itakpe. Janar Gowon ya ziyarci Mosko a 1974. A 1979, a ƙarshen mulkin Janar Obasanjo, aka sa hannu a babbar kwangila da kamfanin Tyazhpromexport, a 1980 kuma Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin ginin a bakin Kogin Kwara, a fili mai kadada 24,000. Shirin shi ne a fara da tan miliyan 1.3 a shekara, a ninka zuwa 2.6, daga bisani a kai 5.2.

Abin lura a nan shi ne, aikin ya zo ne a matsayin ladan abotar yaƙi. Shekarun da aka fara gininsa kuma su ne shekarun da yaƙin cacar baka ya sake zafi, domin a ƙarshen 1979 sojojin Sobiyat suka shiga Afganistan, a 1981 kuma Reagan ya hau mulki a Amurka.

Raba ƙafa

Masu cewa maƙarƙashiya aka ƙulla ba su taɓa kawo wata takarda ko shaidar da ke nuna an zauna an shirya rusa Ajaokuta ba. Mu kuma ba mu ga ana bukatar irin wannan shaida ba kafin a gane ɓarnar da gasar ta yi, domin ɓarnar tana nan a fili cikin tsarin aikin kansa.

Shugabannin Nijeriya na shekarun 1970 ba 'yan gurguzu ba ne. Kasuwar mansu tana Yamma, bankunansu suna Landan, yawancin manyan ma'aikatansu a can suka yi karatu. Sun karɓi hannun Mosko, amma suna tsoron a ce sun faɗa aljihunta. Saboda haka suka raba ƙafa, kuma raba ƙafar ta bayyana a wurare biyu.

Na farko, a cikin Ajaokuta kanta. Sobiyat ce za ta ƙera injuna ta kuma harhaɗa su, amma aikin tona harsashi da zuba kankare da sauran gine-gine an ba kamfanonin Jamus ta Yamma da Faransa, watau su Julius Berger da Dumez da Fougerolle. A takarda wannan dabara ce mai kyau, kowa an ba shi abin da ya ƙware a kai. A aikace kuwa, ma'anarta ita ce aiki ɗaya yana da iyayengiji biyu, kowanne da ma'auninsa, da harshensa, da hanyar da yake so a biya shi, kuma babu ɗayansu da ke da iko a kan ɗayan. Ba a ɗora inji sai an gama harsashinsa. Da kuɗin mai ya ja baya daga 1981, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kamfanonin gine-gine suka riƙa dakatar da aiki saboda rashin biya, injunan da aka riga aka ƙera suka iso suka zauna jiran ginin da babu shi. Kowane ɓangare ya sami wanda zai nuna wa yatsa, kuma kowanne yana da hujja. Inda hannu ɗaya ne ya riƙe aikin duka, da an san wanda za a tuhuma.

Na biyu, a cikin tsarin ƙarfe na ƙasa baki ɗaya. A daidai lokacin da ake shirin Ajaokuta bisa tsarin babban tanderun narka tama, wanda Sobiyat ta ƙware a kai, sai aka ba wata ƙungiyar kamfanonin Jamus da Ostiriya kwangilar wata masana'antar a Aladja kusa da Warri, bisa wani tsari dabam, wanda ake tace tama da iskar gas sa'an nan a narka ta da wutar lantarki. An buɗe ta a Janairun 1982. Aka kuma kafa masana'antun mulmula ƙarfe guda uku a Jos da Oshogbo da Katsina, kowace da ƙarfin tan 210,000 a shekara. Ta Katsina kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina ta. Akwai dalilan fasaha da za a iya kawowa don kare wannan, musamman yawan iskar gas da ake ƙonawa a banza a yankin Warri. Amma sakamakon shi ne ƙasar da ba ta taɓa narka tama a babbar masana'anta ba, ta ɗauki tsari biyu a lokaci guda, kowanne da kayan gyaransa da horon ma'aikatansa da bashinsa. Tamar Itakpe, wadda ƙarfen da ke cikinta bai wuce wajen kashi 36 cikin ɗari ba, ba ta dace da tsarin Aladja ba sai an tace ta ƙwarai, saboda haka Aladja ta dogara ga tamar Laberiya da Brazil. Ita kuma masana'antar Katsina, gumagumen ƙarfen da za ta mulmula ta yi rodi, sai an ɗauko su a mota daga Aladja, tafiyar da ta fi kilomita 1,000. Duk ranar da Aladja ta tsaya, Katsina ta tsaya. Ma'aikacin da ke zaman jiran aiki a Katsina bai san Reagan ko Brezhnev ba, amma wani yanki na zaman nasa daga lissafinsu ya taso.

Abin da mai bayarwa ke da shi

Su ma masu ganin Sobiyat a matsayin aminiyar da aka zalunta, ya kamata su dakata. Ƙasar da ke ba da taimako don neman gindin zama, abin da ke rumbunta take bayarwa, ko ya dace da mai karɓa ko bai dace ba. Babban tanderu yana bukatar wani irin kwal na musamman, wanda ake toyawa ya zama gawayi mai tauri da zai iya ɗaukar nauyin tama a cikin wuta. Kwal ɗin Inugu ba ya toyuwa haka. Na Obi kusa da Lafiya yana toyuwa, amma toka da kibiritu sun yi masa yawa. Ke nan tun daga ranar farko an san sai an shigo da mafi yawan kwal daga ƙetare, a kawo shi daga bakin teku zuwa wurin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita a cikin ƙasa, alhali babu layin dogo, kogin kuma bai da zurfin ɗaukar manyan jirage duk shekara. Har ila yau, kashin farko na aikin an tsara shi ne don dogayen ƙarafa, irin su rodi da waya da ginshiƙai, aka jinkirta faranti, wanda masu harhaɗa motoci da masu yin durom da tankuna ke bukata, zuwa kashi na biyu da ba a taɓa kaiwa gare shi ba.

Waɗannan matsaloli ba ɓoyayyu ba ne. Abin da gasar ta yi shi ne ta hana a tattauna su tsakani da Allah. Idan masanin Yamma ya ce tsarin bai dace ba, sai a ce ɗan koren jari-hujja ne. Idan masanin Sobiyat ya ce ya dace, sai a ce yana tallan hajarsa ne. Sau da yawa duka zarge-zargen biyu gaskiya ne. Ƙasar da ba ta da isassun injiniyoyinta da za su auna maganar kowa su yanke hukunci, sai ta zama ba ta da wanda za ta yarda da shi, daga nan sai siyasa ta yanke abin da ya kamata ilmi ya yanke. Wannan, a ra'ayinmu, ita ce babbar illar da gasar manyan ƙasashe ke yi wa ƙananan ayyuka da manya, kuma ita ce wadda aka fi mantawa da ita.

Matsayin Bankin Duniya ya shiga wannan rukuni. Cikin shekarun gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986, Bankin ya nuna shakkarsa a fili game da ribar Ajaokuta, kuma ƙasar da ke neman a sake mata jadawalin biyan bashi ba ta da bakin yin gardama sosai. Masu zargin Bankin suna da abin kafa hujja, domin a ƙarshen shekarun 1960 irin wannan hukuncin aka yanke wa Koriya ta Kudu, aka ce masana'antar ƙarfe a Pohang ba za ta yi riba ba. Koriya ta nemi kuɗi da fasaha daga Japan, ta fara narka ƙarfe a 1973, kamfanin POSCO kuma ya zama ɗaya daga cikin manya a duniya. Amma kuskuren Bankin a Pohang bai mai da kwal ɗin Inugu mai toyuwa ba.

Darasin Indiya

Inda gasar kaɗai ta isa ta kashe aiki, da Indiya ba ta da ƙarfe. Indiya ma ta raba ƙafa, har fiye da mu. Cikin shekarun 1950 ta ba Sobiyat Bhilai, ta ba Jamus ta Yamma Rourkela, ta ba Ingila Durgapur, kuma a 1959 aka kunna tanderun Bhilai da na Rourkela. Da aka zo kan ta huɗu, watau Bokaro, Indiya ta nemi rance daga Amurka, amma majalisar Amurka ta ƙi amincewa a ba da kuɗi don masana'antar gwamnati. A 1963 Indiya ta janye buƙatarta, Sobiyat ta karɓi aikin, aka kunna tanderun farko a 1972. Gasar ta jinkirta Bokaro shekaru, amma ba ta kashe ta ba. Irin wannan ya faru a Masar, inda Amurka ta janye alkawarin kuɗin madatsar ruwa ta Aswan a Yulin 1956, Sobiyat ta maye gurbinta, aka gama ginin a 1970.

To, mene ne bambancin? Indiya ta ba kowace ƙasa masana'anta guda cikakkiya, ta bar su suna gasa a kan wa zai riga gamawa. Mu kuwa mun sa su cikin tukunya ɗaya. Indiya tana da tama mai kyau da kwal mai toyuwa a Jharia, da layin dogo a shimfiɗe. Tana da ƙwararru, domin kamfanin Tata yana narka ƙarfe a Jamshedpur tun kafin yaƙin duniya na farko. (Ba abin mamaki ba ne da aka wayi gari kamfanin MECON na Indiya yana cikin masu ba Nijeriya shawara a kan ƙarfe.) Sa'an nan rancen Bhilai da kuɗin Indiya aka biya shi, a kan ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, Sobiyat kuma ta sayi kayan Indiya da kuɗin. A zamanin Khrushchev ke nan, lokacin da Mosko ke neman suna ko da za ta yi asara. Kafin a zo 1979 Sobiyat ta gaji, kuɗin ƙetare take nema, ta kuma ɗauki Nijeriya a matsayin mai arzikin mai. Bashin Ajaokuta da kuɗin Jamus ta Yamma aka rubuta shi. Mun iso kasuwa ne da yamma, bayan masu rangwame sun naɗe kaya.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Karin maganar ta dace da wannan al'amari, muddin ba a yi amfani da ita don wanke ƙadangaren ba.

Ranar da mai gida ya mutu

Akwai wata illa kuma, wadda babu wanda ya lissafa ta a 1979. Aikin da ya rataya a wuyan wata babbar ƙasa, agogon wannan ƙasar yake bi. Saboda ƙarancin kuɗi da son a nuna wa jama'a wani abu kafin zaɓe, an fara ginin Ajaokuta ne daga ƙarshe, aka buɗe sassan mulmula ƙarfe daga 1983 ana ciyar da su da gumagumen da aka sayo, aka bar tanderu a baya. Jinkiri ya bi jinkiri, har a Disamban 1991 Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Masana'antun da suka ƙera injunan suka rarrabu cikin sababbin ƙasashe, da yawa daga cikinsu a Yukren. Sabuwar Rasha ba ta da sauran sha'awar neman abokai a Afirka, bashinta kawai take son a biya ta. Zuwa 1994 aka daina aiki. Hukumomi sun sha faɗin cewa an kammala kashi 98 cikin ɗari, amma wannan adadi yana ruɗar wanda bai san aikin ba, domin tanderu idan aka kunna shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, kuma ba a kunna shi sai an tabbata tama da gawayi da dutsen farar ƙasa za su riƙa isowa dare da rana. Hanyoyin kawo su ba su cikin lissafin kashi 98 ɗin. Layin dogon da ya haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, wanda aka fara a 1987, sai a 2020 aka buɗe shi.

Daga nan labarin ya koma namu zalla, kuma a nan masu bayani na biyu suke da rinjaye. A 1996, zamanin Janar Sani Abacha, an sayi takardun bashin Ajaokuta daga hannun Rashawa da rahusa ta hanyar waɗansu kamfanoni, aka sayar wa gwamnati da tsada ƙwarai, maganar da ta kai har gaban kotu a Landan. A 2003 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Solgas riƙon masana'antar, a 2004 aka miƙa ta ga kamfanin Global Infrastructure na Indiya, a 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke yarjejeniyar. Shari'ar da ta biyo baya ta ƙare a 2022 da Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496. Babu hannun Washington ko na Mosko a cikin wannan. Sai dai kuma kada mu manta, gawar da gasar ta bari ce aka yi ta wawaso a kai. Aikin da ke tafiya yana da masu kare shi, ma'aikata da masu sayen kaya da masu kawo kaya. Wanda ya tsaya cak, 'yan kwangila da dillalan bashi ne kaɗai ke da riba a cikinsa.

Zagaye na biyu

Da wannan tarihi ya ƙare a 1991, da sai mu ce darasi ne na zamanin da ya wuce. A Oktoban 2019, a taron Rasha da Afirka da aka yi a Sochi, Shugaba Muhammadu Buhari da Shugaba Putin sun amince a farfaɗo da Ajaokuta, aka shirya masanan Rasha su zo su binciki halin da injunan ke ciki. Annobar korona ta 2020 ta hana su zuwa. A Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukren, ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi, aka cire manyan bankunanta daga hanyar aika kuɗi ta duniya, ministan ma'adinai na lokacin kuma ya ambaci yaƙin cikin dalilan da suka sa shirin ya tsaya. Ƙasashe biyun da suka gaji fasahar da aka gina Ajaokuta da ita, su ne ke yaƙi da juna. A 2024 an sake sa hannu a wata takardar fahimta da kamfanin Tyazhpromexport a Mosko. Takardar fahimta kuwa ba ta amsa tambayar ta wane banki za a biya ɗan kwangilar da ƙasarsa ke ƙarƙashin takunkumi ba, ba ta kuma canza kwal ɗin Inugu ba. Shekaru fiye da 40 bayan aza harsashi, ba a taɓa kunna babban tanderun Ajaokuta ba.